Treichville da takardar da ke cikin jakar fasfona

Tun kafin in bar Kano akwai wata takarda da ta hana ni sakat. Malamar wasanni ta makarantar da 'yata ke karatu ce ta aiko da ita, tana neman amincewata a sa yarinyar cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta makaranta, domin a cewarta tana da tsawo da hannu mai kyau, kuma akwai tantancewar da za a yi wa 'yan ƙasa da shekara 16 idan an dawo daga dogon hutu. Shekarun yarinyar 14, amma ta riga ta kere wa mahaifiyarta, ta kamo kafaɗata. Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Na ninke takardar na cusa cikin jakar fasfo da niyyar in duba ta idan na sami sarari, wanda a yaren iyaye irina yana nufin a bar maganar ta mutu da kanta. Haka takardar nan ta bi ni Legas, ta hau jirgi da ni, muka sauka tare a Abijan, babban birnin kasuwancin ƙasar Kwaddibuwa, a ƙarshen watan Yulin 2025.

Abin da ya kai ni zumunci ne. Ƙanin mahaifina ya fi shekara 30 yana sayar da shadda da atamfa a unguwar Treichville, kuma ya daɗe yana yi mini gori cewa boko ya hana ni sanin hanyar gidansa. Daga filin jirgin sama na Port-Bouët muka shiga tasi mai launin ruwan lemo, muka miƙa wani faffaɗan titi da ya ratsa Koumassi da Marcory. Sama a lulluɓe take da gajimare, iska kuma mai laima ce, irin wadda ke sa riga ta manne wa jiki ko da ba rana. Treichville tana kan tsibiri ne a kudancin tafkin Ébrié, gadoji biyu suka haɗa ta da unguwar Plateau mai dogayen benaye: gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da gadar de Gaulle ta 1967. Titunanta a jere suke kamar layin dara, kuma da lamba ake kiran yawancinsu. Duk wanda ya zauna a ƙofar shagon Baffa na sa'a guda zai ji Faransanci da Jula da Bawule da Wolof da Yarbanci da Hausa sun wuce ta gabansa.

Abincin farko da aka ba ni a waje shi ne garba. Da na ji sunan na ɗauka wani mutum ake kira. Ashe abinci ne: aceke, wato wani irin dambun rogo mai ɗan tsami, a ɗora masa soyayyen kifin tuna, a yayyanka barkono da albasa da tumatir, a kwarara mai. Mutanen gari suna danganta sunan da Hausawan Nijar da suka shahara da sayar da shi, har abincin ya gaji sunan masu shi. Kifin kuwa ba daga nesa yake zuwa ba, domin tashar jiragen ruwan Abijan tana cikin manyan wuraren sauke tuna a Afirka. Mai rumfar da muka zauna, wani dattijo mutumin Tawa, shi ne ya fara yi mini maganar da ta juya tafiyar.

Ya ce, “Malam, kai da ka zo daga Najeriya, ba ka zuwa kallon ɗiyanku? Ga su can suna ta kashe mutane da ci.”

Ya nuna mini hanyar zauren wasanni na Palais des Sports, wanda ke cikin unguwar, inda ake gudanar da gasar ƙwallon kwando ta mata ta nahiyar Afirka daga 26 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta. Na san da gasar a labarai, sai dai ban taɓa kawo wa raina cewa da ƙafa zan iya isa wurin daga gidan da na sauka ba. A lokacin ƙungiyar Najeriya, D'Tigress, ta riga ta doke Ruwanda da ci 92 da 45, ta sha da ƙyar a hannun Mozambik da ci 60 da 55, sannan ta yi wa Kamaru 83 da 47. Saura Senigal a wasan kusa da na ƙarshe, ranar Asabar 2 ga Agusta. Baffa ya ce shi kam ba zai rufe shago don kallon mata suna tsalle ba, amma ya haɗa ni da yaron shagonsa ya raka ni.

Zauren bai kai na Dakar ko na Kigali girma ba, 'yan dubbai yake ɗauka, kuma saboda haka ne ƙarar ganga da algaitar magoya baya ke cika shi har mutum ya riƙa jin ta a ƙirji. Mun isa da wuri, kuma wannan sammakon shi ya fi yi mini amfani, domin na ga abin da talabijin ba ta cika nunawa ba, wato motsa jikin da 'yan wasa ke yi kafin a busa usur. Mata 12 suka fito, kowacce ta san inda za ta tsaya ba tare da an ce mata komai ba. Suka fara da miƙe jijiyoyi, suka koma gudu da baya da gefe da gwiwa a lanƙwashe, sannan suka rabu layi biyu, wannan ta jefa, waccan ta cafe ta miƙa. Dogayen suka koma ƙarƙashin kwando suna ture juna da kafaɗa, masu jifa daga nesa suka zagaye layin maki uku suna maimaita jifa ɗaya daga wuri ɗaya. Babu wani abin burgewa a ciki. Aiki ne irin na masaƙa, zare bisa zare, kuma daga ganin yadda hannu ke sakin ƙwallo ba tare da ido ya nemi taimako ba, mutum ya san an yi shekaru ana abu guda.

A nan tambayar ta fara zo mini: a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, ta yaya aka tsamo waɗannan 12?

Dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ita ta ƙayyade adadin. Ƙungiya ba ta wuce mutum 12 a gasa, biyar a fili, bakwai a benci. Ana buga minti 40, kashi huɗu na minti goma-goma, a filin da tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, bakin kwandon kuma yana sama da ƙasa da mita 3.05. Duk ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 take da su ta yi jifa, kuma 'yar wasan da ta yi laifi biyar ta fita ke nan. Waɗannan lambobi su ne ke tsara tunanin mai horarwa. Ba za ta ɗebi 12 da suka fi kowa iya jifa ba, domin idan duk masu jifa ne, wa zai tsare gida, wa zai cafo ƙwallon da ta dawo daga allo? Tana bukatar masu rarraba ƙwallo aƙalla biyu, don idan ɗaya ta gaji ko ta tara laifi. Tana bukatar dogaye uku ko huɗu, da masu jifa daga nesa, da wadda za a ce mata ta manne wa gwanar abokan hamayya ta hana ta numfashi, ko da ita kanta ba za ta ci maki ko ɗaya ba. Tana kuma bukatar wadda za ta yarda ta zauna a benci wasa uku ba ta ɓata rai ba, sannan ranar da aka kira ta ta shiga kamar ita aka fara da ita. A gasar Abijan wasa biyar Najeriya ta buga cikin kwana tara, saboda haka benci mara ƙarfi tamkar rijiya ce mara zurfi a tsakiyar rani.

Akwai kuma matsalar lokaci. 'Yan wasan ƙasa ba ma'aikatan ƙasa ba ne. Kowacce tana da kulob ɗin da ke biyan ta albashi, a Faransa ko Sifaniya ko Italiya ko Amurka, kuma sai an zo dab da gasa ake tara su a sansani. Abin da kulob ke ginawa cikin wata takwas, mai horar da ƙungiyar ƙasa sai ta gina shi cikin 'yan makonni, wani lokaci 'yan kwanaki. Wannan ne ya sa salon Najeriya ya dogara kan tsaron gida mai tsanani, domin dabarun kai hari suna son dogon zama tare, amma matsa wa abokin hamayya ƙarfin jiki da zuciya da amincewa da juna yake so. Da wannan salon ne suka sa Ostireliya ta zubar da ƙwallo sau 26 a wasannin Olamfik na Faris, suka doke ta da ci 75 da 62 ranar 29 ga Yulin 2024.

Sai batun takardu, wanda sau da dama ya fi rauni hana 'yar wasa shiga fili. A lokacin gasar, FIBA ba ta yarda ƙasa ta sa fiye da mutum ɗaya da ya karɓi shaidar zama ɗan ƙasa bayan ya cika shekara 16 ba, sai in hukumar ta yi sassauci na musamman. Ke nan uban da ke zaune a Texas ko Landan, wanda ya yi wa 'yarsa koren fasfo tun tana firamare, ya yi wa ƙungiyar ƙasa hidima bai sani ba. Wadda kuma ta riga ta wakilci wata ƙasa a babbar gasa, da wuya a bar ta ta sauya. Haka ya faru da Nneka Ogwumike, gwarzuwar gasar WNBA ta 2016, wadda ta nemi buga wa Najeriya a Olamfik na Tokyo. FIBA ta ƙi saboda daɗewarta tana buga wa Amurka, kotun wasanni ta duniya kuma ba ta sauya hukuncin ba a Yulin 2021.

Matar da ke tsaye a bakin fili a ranar, Rena Wakama, ita kanta labarin zaɓe ce. An haife ta a Raleigh ta jihar North Carolina a 1992, iyayenta mutanen Okrika ne ta Jihar Ribas. An naɗa ta a ƙarshen Yunin 2023 tana da shekara 31, saura ƙasa da wata guda a fara gasar Kigali. Aka shirya tantancewa ta buɗaɗɗiyar ƙofa a Chicago da Legas da Abuja, kowa ta zo ta gwada. Wasu tsofaffin 'yan wasa da suka ci wa ƙasa kofuna sun ga wannan a matsayin raini, kuma ina ganin suna da hujja, domin wadda ta ɗauki kofi sau uku bai kamata a ce ta shiga layi kamar baƙuwa ba tare da an ko kira ta an yi mata bayani ba. Amma ita ma sabuwar mai horarwar tana da tata hujjar: ba ta da lokaci, kuma dole ta ga da idonta abin da ke hannunta. Da sababbin fuskoki da yawa ta je Kigali, ta doke Senigal da ci 84 da 74, ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin mai horarwa. Bayan shekara guda ta kai ƙungiyar zagayen 'yan takwas a Olamfik, bayan doke Kanada da ci 79 da 70, abin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. FIBA ta zaɓe ta gwarzuwar mai horarwa ta gasar mata a wasannin.

Wasan da Senigal ya yi zafi, domin tsohuwar gaba ce. Senigal ce ke da kofi 11, fiye da kowa a nahiyar, kuma magoya bayanta a Treichville ba kaɗan ba ne. An yi ta kai-komo har kashi na ƙarshe kafin Najeriya ta ƙwace da ci 75 da 68. Na fito muryata a dishe, ina mamakin kaina, ni da na shiga da niyyar kashe lokaci.

Da dare na zauna da jerin sunayen 'yan wasan ina bi ɗaya bayan ɗaya. Ezinne Kalu, haihuwar Newark. Amy Okonkwo, haihuwar California. Promise Amukamara, tashin Arizona. Mafi yawan ginshiƙan ƙungiyar makarantun sakandare da jami'o'in Amurka ne suka rene su. Ba na faɗin haka don in rage musu komai; sun zaɓi ƙasar iyayensu, sun sha wahalarta, har a 2021 sai da suka fito a bidiyo suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Amma gaskiya ɗaya ce: muna girbi a gonar da wasu suka nome. Suna ɗaya ne ya tsayar da ni, Murjanatu Musa, domin suna ne da za a iya kira a kowane gida a unguwarmu a amsa. Ita a gida ta taso, a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja wadda ta ci gasar mata ta ƙasa a 2019, daga nan ta tafi Sifaniya, sannan Faransa. Hanyar tana nan ke nan, sai dai siririya ce ƙwarai, kuma kusan duk wadda ta bi ta sai ta ƙetare teku kafin ta cika gwana.

Washegari bayan sallar asuba na fita miƙe ƙafa. A bayan wata makaranta na tarar da filin siminti mai kwando biyu, ɗaya ko raga babu. Yara mata kimanin 20 ne ke atisaye, manyansu ba su fi sa'ar 'yata ba. Wata mata mai usur a wuya tana ba su umarni da Faransanci. Uku daga cikinsu sun ɗaura ɗankwali sun sa dogon wando a ƙarƙashin gajere. Ƙwallo huɗu kacal gare su, don haka sauran sai su riƙa gudun gefe da gefe har layi ya zo kansu. Na ga wata ƙarama ta jefa da hannun hagu sau goma ba ta ci ba, malamar ta riƙe mata gwiwar hannu ta gyara, ta ce ta sake. A gefen filin akwai iyaye mata biyu zaune a kan benci da kwanon abinci a cinya, ba sa kallon waya, 'ya'yansu suke kallo. A wannan wurin na gane cewa zaɓen 'yan wasan ƙasa ba a sansani yake farawa ba. Mai horarwa tana zaɓe ne daga cikin waɗanda suka iso gabanta, kuma waɗanda suka iso su ne waɗanda wani ya ba su fili da ƙwallo da izini tun suna shekara 12. Duk yarinyar da aka hana a wannan shekarun an riga an cire ta daga jerin, kuma ba Rena Wakama ce ta cire ta ba.

A hanyar komawa na haɗu da wani ɗan Mali, maƙwabcin shagon Baffa, wanda ke jin Hausa saboda ya yi zama a Yamai. Ƙasarsa ce za ta kara da mu a wasan ƙarshe a daren ranar, kuma ya cika baki yadda ya kamata. Yana da abin cika bakin. Mali ba ta da ɗimbin 'ya'ya a jami'o'in Amurka kamar mu, don haka a Bamako take renon nata. Ta mamaye gasar Afirka ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 16 daga 2009 zuwa 2023, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a 2021, kuma daga wannan zubin ne Sika Koné ta fito har ta kai WNBA. Amma da na ambaci takardar da ke jakata, sai fara'arsa ta ragu. Ya tuna mini abin da ya faru a ƙasarsu a 2021, lokacin da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa cin zarafin da ake yi wa 'yan mata a ƙungiyar matasa ta ƙasa, binciken da FIBA ta sa aka yi kuma ya tabbatar da cewa ɓarnar ta daɗe ana rufe ta.

Ya ce, “Malam, ka bar ta ta yi wasa, amma kada ka bar ta ita kaɗai.”

Wannan magana ta zauna mini, domin ta taɓa ainihin abin da ke raina. Tsoron da iyaye ke ji a Arewa ba jahilci ba ne kawai, kamar yadda wasu ke saurin cewa. Uba yana tambayar wa zai horar da 'yarsa, a ina za ta kwana idan an tafi gasa, me za ta sa, kuma me zai faru da karatunta. Tambayoyi ne na haƙƙi, kuma kowacce tana da amsa idan an so. Ta tufafi ma an riga an amsa ta: a 2014 'yan wasan Ƙatar sun janye daga wasannin Asiya a Incheon saboda an hana su sa hijabi, amma a 2017 FIBA ta sauya dokar, ta halatta rufe kai a duk gasanninta. Sauran tambayoyin kuwa amsarsu tana hannunmu: mata masu horarwa, filaye a cikin makarantun mata, da iyaye masu zuwa su zauna a benci kamar waɗanda na gani da asuba. Kuma wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya yi karatu a Samaru ya san abin da Oliver Johnson, Ba'amurken da ya share shekaru yana horarwa a Zariya, ya gina a can, kuma a Zariyar ne Masai Ujiri ya tashi kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta maza ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Abin da muka yi wa 'ya'yanmu maza ne ba mu yi wa mata ba.

Daren Lahadi zauren ya cika maƙil, kuma 'yan Mali sun fi mu yawa da ganguna. Suka fara da ƙarfi, suka ci kashi na farko 26 da 21. Aka tafi hutun rabin lokaci 41 da 41. A nan amfanin benci da wahalar atisaye suka bayyana: a kashi na ƙarshe maki takwas kacal Mali ta iya ci, ƙafafu sun yi nauyi, jifa ta daina shiga, Najeriya kuwa tana ta sauya 'yan wasa ba tare da ƙarfinta ya ragu ba. Aka tashi 78 da 64. Kofi na biyar ke nan a jere, bayan na Bamako a 2017, Dakar a 2019, Yawunde a 2021 da Kigali a 2023, kuma na bakwai jimilla idan aka haɗa da na 2003 da 2005. Rabon da a doke su a wannan gasa tun 2015. Amy Okonkwo ta sake zama gwarzuwar gasa. Maƙwabcin Baffa ya zo ya ba ni hannu, ya ce saura shekara biyu.

Kafin in bar Abijan labari ya iso cewa Shugaba Tinubu ya ba kowace 'yar wasa kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa ta OON. Sun cancanta, ba na jayayya. Sai dai na tuna cewa a watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin ƙwallon kwando na duniya saboda rikicin shugabanci a hukumar wasan, matakin da ya sa waɗannan mata suka rasa gurbin da suka ci da guminsu a gasar duniya ta Sydney, aka ba Mali. An janye hukuncin daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ƙasar da ke iya yin wannan da wancan cikin shekara uku, ba ta da tsari ke nan, sa'a take ci. Kyautar 'yar wasa ɗaya za ta iya zuba siminti ta kafa kwanduna a makarantun mata da dama. Ina kira ga gwamnonin Arewa da masu hannu da shuni cewa idan suna son ganin 'yar Katsina ko Gusau ko Azare cikin 12 na shekara goma masu zuwa, yanzu ne za su ɗauki malamai mata na wasanni aiki, su gyara filaye, su dawo da gasar makarantu da ke gudana kowace shekara ba sai an tuna ba.

Ranar da zan taho Baffa ya raka ni bakin titi. Na ba shi labarin takardar, ina tsammanin zai ce in yaga ta. Ya yi shiru, sannan ya ce shi da ya bar gida yana saurayi ba wanda ya sa masa hannu a takarda, kuma da an sa masa ido da ya fi haka. Ya ƙara da cewa, “Kai dai ka je ka ga wurin da idonka.”

Da aka koma makaranta na je. Filin yana bayan ɗakin cin abinci, simintin ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsakiya, allon kwando ɗaya ya karkace. Malamar ta nuna mini ƙwallo biyu da ta saya da kuɗinta. Na yi mata tambayoyina duka, ta amsa ba tare da ta ji haushi ba: ita ce ke horarwa, da ita ake tafiya ko'ina, atisaye sau uku a mako bayan la'asar, kuma duk wadda makinta ya faɗi a aji sai ta zauna a benci. Na ce ina da sharaɗi ɗaya, ranar tantancewa da mahaifiyarta za a je. Ta ce dama haka take so.

Na ciro takardar, duk ta yamutse, har da ɗigon man garba a gefe, na sa hannu a kan gwiwata. Yarinyar tana tsaye nesa kaɗan tana kallon ƙasa. Da muka nufi mota sai ta ce, “Abba, takalmina ya matse ni.” Ranar Asabar muka shiga kasuwar Sabon Gari, muka zagaya rumfa shida kafin mu sami lamba 43.